Tambayoyi da Amsoshi kan Lambar Shaidar Mai Bincike da Shafukan Marubuta a Intanet

Tambayoyin da ke nan su ne waɗanda malamai, ɗaliban manyan digiri da sauran masu bincike suka fi yawan yi mini idan maganar fitar da aikinsu idon duniya ta taso. Wasu na amsa su a taƙaice, wasu kuwa na tsaya a kansu, domin na ga irin asarar da rashin saninsu ke jawowa. Mutum zai shafe shekaru yana bincike, ya rubuta, a buga, sannan rabin aikin ya koma ƙarƙashin sunan wani da bai ma san shi ba. Wannan abu yana yi mini ciwo, kuma maganinsa bai fi zaman awa ɗaya ko biyu ba.

Sunana yana kan kowace muƙala da na rubuta. Me kuma zan yi da wata lamba?

Sunanka naka ne a tsakanin waɗanda suka san fuskarka. A rumbun bayanai mai ɗauke da miliyoyin muƙalu, sunan ba naka kaɗai ba ne. Ɗauki suna ɗaya da ake rubutawa Muhammad, Mohammed, Muhammed ko Mohamed. Wata mujalla za ta taƙaita shi zuwa M kawai, wata ta ɗauki sunanka na tsakiya a matsayin sunan dangi, wata ta juya jerin gaba ɗaya. Idan a sunan akwai harafi mai ƙugiya ko mai ɗigo a ka, irin su ƙ, ɗ ko ö, wata na'urar za ta share alamar, wata ta maye gurbin harafin da alamar tambaya. Masu bincike na ƙasar Sin da ke da suna Wang, Li ko Zhang sun fi kowa sanin wannan matsala, domin dubban mutane ne ke buga aiki da suna iri ɗaya.

Abu biyu ke faruwa. Ko dai mutum ɗaya ya rabu gida uku ko huɗu, kowane yanki da ɗan aikinsa, ko kuma a cusa mutum uku cikin riga ɗaya, har ka ga likitan ido da muƙala kan injin jirgi. Duka biyun cuta ne. Edita mai neman wanda zai duba masa muƙala, kwamitin tallafin bincike, ɗalibi mai neman wanda zai kula da kundinsa, duk suna yanke hukunci ne da abin da suka gani a allo. Lamba ba ta canja rubutu, ba a taƙaita ta, kuma mutum biyu ba sa tarayya a kanta.

Mene ne ORCID, kuma hannun wa yake?

ORCID lamba ce ta dindindin mai gurbi 16, a rukuni huɗu, kowane rukuni gurbi huɗu, kamar haka: 0000-0002-1825-0097. Wannan ta misali ce da ƙungiyar kanta ke amfani da ita, ba ta wani mutum na gaske ba ce. Gurbin ƙarshe na tantancewa ne, ana lissafo shi daga 15 na gabansa domin na'ura ta gane idan an yi kuskure wajen rubutawa. Wani lokaci yakan fito a matsayin harafin X, saboda haka idan taka ta ƙare da X kada ka ɗauka ta lalace.

Ƙungiyar da ke kula da ita ba ta neman riba. An kafa ta a 2010, ta fara ba da lambobi a watan Oktoba na 2012. Jami'o'i, kamfanonin ɗab'i da hukumomin ba da tallafi su ne mambobinta, kuma kuɗin da suke biya ne ke riƙe da ita. Abin da ya fi burge ni game da tsarin shi ne mai lambar ne ke da iko da ita. Ba ta jami'arka ba ce, ba ta mujalla ba ce. Ka sauya wurin aiki, ka sauya fanni, ka sauya ƙasa, tana biye da kai.

Yanzu ta wuce abin ganin dama. Gidauniyar Wellcome ta Ingila ta fara neman ta daga masu neman tallafi a 2015. A farkon 2016 wasu manyan masu buga mujallu, ciki har da PLOS, eLife, IEEE da Royal Society, suka sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa cewa za su riƙa neman ta daga marubuta. Tun daga nan wasu da yawa suka bi sahu.

Ana biya?

A'a. Rajista kyauta ce ga mai bincike, riƙe shafin ma kyauta ne. Duk wanda ya nemi kuɗi don ya "samo maka" lambar, abin da za ka yi da kanka cikin minti biyar zai sayar maka.

Da wane imel ya kamata in yi rajista, na wurin aiki ko nawa na kaina?

Sa duka biyun, kuma ka tabbatar da kowanne ta hanyar latsa saƙon da za a aiko maka. Na wurin aiki yana nuna alaƙarka da cibiyar, naka na kanka kuwa shi ne igiyar da za ta cece ka ranar da aka rufe na farkon.

Na taɓa zama da wani dattijon malami da ya bar aiki bayan shekaru masu yawa. Mujalla ta karɓi muƙalarsa, ta ce ya shiga ta ORCID ya tabbatar da kansa. Ya manta kalmar sirri. Muka latsa wurin sabunta ta, aka ce an aika saƙo zuwa imel ɗinsa, imel ɗin kuwa an rufe shi watanni kaɗan bayan ya ajiye aiki. Ya zare tabarau ya ajiye a kan tebur, ya ce, "Ɗana, ke nan duk abin da na tara a wurin ya tafi?" Bai tafi ba. Mun rubuta wa masu kula da shafin, suka nemi hujjojin cewa shi ne, daga baya aka buɗe masa. Amma an kwashe kwanaki ana kai da komo, mujalla na jira, a kan abin da ƙara imel na biyu zai hana tun farko.

Na gano ina da lambar ORCID biyu. Yaya zan yi?

Wannan ya zama ruwan dare. Mutum ya yi rajista shekarun baya, ya manta, ranar da mujalla ta matsa masa sai ya buɗe sabuwa. Taura biyu ba ta taunuwa, sai an zaɓi ɗaya. Zaɓi wadda ta fi fitowa a kan muƙalunka da aka buga. Shiga cikinta, je sashen saitin asusu, akwai wurin cire shafin da ya maimaitu. Za a nemi imel ko lambar ɗayan tare da kalmar sirrinsa.

Ka kula da abu ɗaya kafin ka latsa: bayanan da ke cikin shafin da za a cire gogewa za su yi, imel kawai ke ƙaura zuwa wanda ka riƙe. Don haka ka fara kwashe abin da kake buƙata. Tsohuwar lambar ba ta ɓacewa, duk wanda ya bi ta za a nuna masa sabuwar, saboda haka muƙalun da ke ɗauke da ita ba su yi asara ba.

Na yi rajista amma shafin wayam yake. Ta yaya ayyukana za su shiga?

Lamba marar komai a bayanta ba ta gaya wa kowa ko kai wane ne. Na sha latsa lambar marubuci in tarar da suna kawai, babu wurin aiki, babu muƙala ko ɗaya. Irin wannan shafi bai warware matsalar da aka ƙirƙiro shi dominta ba.

Hanyoyin cika shi ba darajarsu ɗaya ba. Mafi rauni ita ce ka rubuta komai da hannu. Wadda ta fi ta ita ce ka sa lambar DOI ta muƙalar, wato lambar shaidar aikin kansa, shafin ya jawo sauran bayanan da kansa. Akwai kuma hanyar bincike da haɗawa, inda za ka ba wa rumbun bayanan muƙalu kamar Crossref, DataCite ko Scopus izini ya nuna maka ayyukan da yake zaton naka ne, ka zaɓa. Idan kana da jerin ayyukanka a Google Scholar, kana iya fitar da shi a fayil ɗin BibTeX, wato fayil mai ɗauke da bayanan muƙalu, ka shigo da shi.

Wadda ta fi duka ita ce wadda ba sai ka ɗaga yatsa ba. Idan ka miƙa muƙala ga mujalla, kada ka rubuta lambarka da hannu in akwai maɓallin shiga ta ORCID. Latsa maɓallin, ka shiga da kalmar sirrinka. Da haka mujallar ta tabbatar kai ne, kuma za ta haɗa lambarka da bayanan da take aika wa Crossref ranar bugawa. Crossref zai aiko maka saƙo a akwatin ORCID yana neman izini. Ka amince sau ɗaya, daga nan duk muƙalar da ta fito da lambarka za ta shiga shafinka da kanta. Mutane da yawa ba sa buɗe wannan akwati, saƙon na nan zaune shekara da shekaru.

Dalilin da ya sa na fifita wannan hanya shi ne a ƙarƙashin kowane aiki ana nuna wanda ya sa shi. Aikin da aka ga Crossref ko jami'a ce ta sa, ya fi wanda mutum ya rubuta wa kansa nauyi a idon mai tantancewa. Sannan ka tuna, mujallu da yawa marubucin da ke mu'amala da su kaɗai suke tambaya. Idan kai na biyu ne ko na biyar, ka ce wa abokin aikinka ya sa imel ɗinka daidai, kuma ka amsa saƙon haɗa lambar idan ya zo.

Aikina ba shi da DOI. Ya zama banza ke nan?

Ko kusa. DOI lamba ce ta aikin kansa, kamar yadda ORCID take ta mutum. Tana farawa da 10 da ɗigo, kuma amfaninta shi ne ko shafin mujalla ya ƙaura, tana kai mai karatu inda aikin yake. Masu bugawa ne ke yi mata rajista, galibi ta Crossref, wanda ya fara aiki a 2000, ko DataCite, wanda aka kafa a 2009 domin bayanan bincike da makamantansu. Littattafai da yawa, babobi, tsofaffin muƙalu da takardun taro ba su da ita, musamman a fannonin harshe, tarihi da adabi. Ka shigar da su da hannu, cikakke: suna, shekara, mai bugawa, shafuka, da lambar ISBN in littafi ne.

Idan kana da haƙƙin aikin, kana iya ɗora shi a taskar jami'arka ko a Zenodo, wanda cibiyar CERN ke kula da shi tun 2013. Zenodo kyauta ne, kuma yana ba kowane abu da aka ɗora DOI. Rahoto, bayanan da ka tattara a fage, manhajar da ka rubuta, duk suna iya samun lamba ta wannan hanya.

Ba na son kowa ya ga komai nawa. Akwai sirri?

Akwai. Kowane abu a shafin yana da zaɓi uku: kowa ya gani, amintattu kawai su gani, ko kai kaɗai. Amintattu su ne cibiyoyi ko mutanen da ka ba izini da kanka, kuma kana iya janye izinin duk lokacin da ka so. Lambar ita kanta a bayyane take koyaushe. Shawarata ita ce ka buɗe suna, wurin aiki da ayyukan da aka buga, tunda don a gan su aka yi shafin. Imel kuwa ka yi yadda ranka ya kwanta. Ka kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka adana lambobin ceto a wuri amintacce.

To lambar Scopus da ta Web of Science fa? Ba duk abu ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne, kuma a nan mutane suka fi rikicewa. Scopus rumbu ne na kamfanin Elsevier, an buɗe shi a 2004. Ba ka neman lambarsa. Ranar da aikinka ya fito a mujallar da Scopus ke tattarawa, manhajarsa za ta ƙirƙiro maka shafi da lamba ba tare da ta tambaye ka ba. Tana duba suna, wurin aiki, fanni da abokan rubutu, ta yi hasashen waɗanne muƙalu ne na mutum ɗaya. Hasashe kuwa yana kuskure. Ka sauya jami'a ko ka rubuta sunanka wata siga dabam, sai ta ɗauka sabon mutum ne ta buɗe masa shafi. Na taɓa duba na wata malama muka tarar an raba ta gida uku: muƙalu bakwai a nan, huɗu a can, ɗaya tilo a na ukun, kuma wannan ɗayar ita ce aka fi ambata. A takardun neman ƙarin girma shafin farko kawai take ta sawa.

Gyaran kyauta ne ko da cibiyarka ba ta biyan kuɗin Scopus. Ka nemi sunanka a shafin neman marubuta, ka gwada duk sigogin da ka taɓa amfani da su, ka buɗe asusu, sannan ka nemi a haɗe shafukan, a cire abin da ba naka ba, a sa sunan da ka fi so. Ba nan take yake fitowa ba, sai sun duba.

Web of Science na kamfanin Clarivate ne, kuma tushensa kundin ambato da Eugene Garfield ya fara fitarwa a shekarun 1960. Lambarsa ResearcherID ta fito a 2008. An mayar da ita cikin Publons a 2019, sannan a 2022 aka haɗe Publons cikin Web of Science. Wanda ya buɗe shafi a ɗaya daga cikin waɗancan, a can zai same shi yanzu. Shi ma manhaja ce ke tara shafin, kai kuma ka je ka ce naka ne ka gyara. Yana da wani amfani na musamman: yana rubuta aikin duba muƙalu da kake yi wa mujallu, wahalar da galibi ba wanda ke gani.

Waɗannan biyun na kamfanoni ne, kuma iyakarsu abin da ke cikin rumbunsu. Ka haɗa kowannensu da ORCID ɗinka, ita ce uwar ɗaki.

Google Scholar ya sa mini muƙalun da ba nawa ba. Me ya jawo?

Google Scholar ya fara a 2004, shafukan marubuta kuma suka zo a 2011. Shi ne mafi faɗin raga, yana kamo muƙalu, littattafai, kundayen digiri, rahotanni, har da takardun da aka ɗora a shafukan jami'o'i. Lokacin buɗe shafi yana tambaya ko ya riƙa ƙara ayyuka da kansa ko ya aiko maka imel ka duba tukuna. Mafi yawan mutane na farkon suke bari. In sunanka na kowa ne, ka koma na biyun yau.

Ka bi jerin ɗaya bayan ɗaya ka goge abin da ba naka ba, ko da shi ne ke ɗaga maka alƙaluma. Na san zuciya na ja, amma masana fanninka sun san wanda ya rubuta me, kuma ranar da aka lura, har aikinka na gaskiya za a fara yi wa kallon shakka. Idan muƙala ɗaya ta fito sau biyu, ka zaɓe su ka haɗe, ambatonsu ya taru wuri guda.

Sai batun imel kuma. Ka buɗe shafin da asusun Google naka na kanka, sannan ka tabbatar da shi da imel na cibiyarka. Sai shafi ya kasance a buɗe ga jama'a kuma an tabbatar da shi da irin wannan imel yake fitowa idan an nemi sunanka.

Me ya sa ma'aunin h nawa ya bambanta daga wannan rumbu zuwa wancan? Wanne ne gaskiya?

Kowanne gaskiyar abin da ya ƙirga yake faɗa. Jorge Hirsch, masanin fiziya a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, shi ya kawo ma'aunin a 2005. Lissafin mai sauƙi ne. A ce kana da muƙalu takwas, an ambace su sau 40, 18, 9, 6, 5, 3, 1 da 0. Kana da muƙalu 5 da kowace ta sami ambato aƙalla 5, amma ba ka da 6 da suka kai 6, don haka ma'auninka 5 ne. Google Scholar yana ƙara wani mai suna i10, wato adadin muƙalun da suka kai ambato 10, wanda a wannan misali 2 ne.

Tunda Google Scholar yana ƙirga ambato daga ko'ina, nasa ne yakan fi yawa. Scopus da Web of Science suna ƙirga abin da ya fito daga mujallun da suka zaɓa kawai, kuma zaɓin nasu ya karkata ga mujallun Turanci da fannonin kimiyya. Wanda ke rubutu da wani harshe, ko wanda babban aikinsa littafi ne, zai ga alƙalumansa ƙanana a can ko da ya girgiza fanninsa. Duk inda za ka rubuta ma'auninka, ka faɗi rumbun da ka ɗauko shi da ranar da ka duba.

Ina roƙon matasa kada su bar wannan lamba ta hana su barci. Ba a kwatanta ta tsakanin fanni da fanni, domin yawan ambato a likitanci ba irin na lissafi ba ne. Tana fifita wanda ya daɗe, ba ta raguwa ko mutum ya daina aiki, kuma ba ta bambanta wanda ya jagoranci bincike da wanda sunansa ke na talatin a jeri. Masana da kansu sun yi magana a kai: sanarwar DORA da aka tsara a San Firansisko a 2012 ta nemi a daina auna mutum da darajar mujallar da ya buga a ciki, sannan Bayanin Leiden na 2015 ya ce alƙaluma su taimaka wa hukuncin masana, kada su maye gurbinsa.

Zan iya ɗora muƙalata a ResearchGate ko Academia.edu?

Duka biyun an kafa su a 2008, kuma duka kamfanonin kasuwanci ne. ResearchGate yana Balin ta Jamus, Academia.edu yana San Firansisko, kuma .edu da ke ƙarshen adireshinsa, irin na jami'o'i, bai mayar da shi cibiyar ilimi ba. Dandalin sada zumunta ne na masu bincike. Suna da amfani wajen haɗuwa da mutane, amma ba taskar dindindin ba ne, kuma suna sauya tsari yadda suka ga dama. ResearchGate ya daɗe yana ba mutane maki mai suna RG Score, wasu har suna sa shi a takardun neman aiki, a 2022 ya soke shi.

Maganar ɗorawa ta danganta da yarjejeniyar da ka sa wa hannu. Muƙala tana da siga uku: daftarin da ka miƙa tun farko, sigar da aka karɓa bayan gyaran masu dubawa, da wadda mujalla ta tsara ta buga da tambarinta. Idan an buga ta a buɗe da lasisi irin CC BY, kana iya raba ta ukun a ko'ina. Idan kuwa ka miƙa haƙƙin mallaka, galibi ta ukun ba taka ba ce. Da yawa suna yarda ka sa ta biyun a taskar jami'a, wani lokaci bayan wa'adin wata 6, 12 ko 24. Ba wasa ake yi ba: Elsevier ya aika wa Academia.edu takardun neman sauke muƙalu a 2013, sannan a 2017 shi da Ƙungiyar Masana Sinadarai ta Amurka suka maka ResearchGate a kotu a Jamus, ba a sasanta ba sai 2023. Ka duba ƙa'idar mujallarka a rumbun ƙa'idojin mujallu na ƙungiyar Jisc, wanda aka daɗe ana kira Sherpa Romeo. Kuma ka saba adana sigar da aka karɓa a kwamfutarka, domin ita ce mutane suka fi nema su rasa.

Sunana ya canja bayan na riga na buga ayyuka. Sun rabu da ni ke nan?

Ba su rabu da ke ba, Malama. A ORCID akwai gurbin sunan da kike so a buga, da wani gurbin na sauran sunayen da aka san ki da su. Sa tsohon da sabon, har da sigogin da mujallu suka rubuta bisa kuskure, domin mai nema da kowanne ya iso gare ki. A Scopus da Web of Science ki nemi a haɗe shafukan biyu. Daga wajen 2020 manyan masu bugawa da dama sun fito da tsarin gyara sunan marubuci a kan tsofaffin muƙalu ba tare da sanarwa ba, ki tambayi mujallar. Daga yanzu kuma ki tsaya a kan siga ɗaya. Wanda suna ɗaya tak gare shi, ORCID ba ya tilasta sunan dangi.

Yadda nake rubuta sunan jami'ata yana da tasiri?

Sosai. Rumbunan suna amfani da shi wajen gane ka, kuma cibiyar tana rasa aikinka a ƙidayarta idan ka taƙaita sunan ko ka fassara shi yadda ka ga dama. Yi amfani da sunan da hukumar ta amince da shi, harafi da harafi. Cibiyoyi ma suna da lambarsu, ROR, tun 2019, shi ya sa idan kana cika wurin aiki a ORCID ya fi kyau ka zaɓa daga jerin da ke fitowa maimakon ka rubuta naka.

Ni ɗalibi ne, ban buga komai ba tukuna. In jira?

Kada ka jira. Buɗe ORCID yanzu, ka sa makarantarka da digirin da kake yi, domin muƙalarka ta farko ta fito da lambar a jikinta. Google Scholar sai ka sami aiki aƙalla ɗaya da ya kamo.

Wani ya aiko mini saƙo cewa zai ƙara mini ambato. Me kake gani?

Goge saƙon. Tun 2010 Cyril Labbé, masanin kwamfuta a Grenoble ta Faransa, ya nuna yadda ake yaudarar Google Scholar. Ya ƙirƙiro marubucin ƙarya mai suna Ike Antkare, ya sa manhaja ta rubuta masa muƙalu wajen ɗari marasa ma'ana, kowace tana ambaton sauran, har ma'aunin h nasa ya kai 94. Ya yi haka ne don ya faɗakar. Masu aiko maka saƙo irin wannan dabara suke sayarwa, ko kuma ƙungiyar "ambace ni in ambace ka". Editoci da masu bin diddigi yanzu suna gane salon, kuma sakamakonsa janye muƙala ne da zubewar mutuncin da aka yi shekaru ana ginawa. Haka ma mujallun da ke alƙawarin bugawa cikin kwana uku. Kafin ka miƙa aiki, duba ko mujallar tana cikin DOAJ, wato jerin buɗaɗɗun mujallun da aka tantance, ko rumbun da take iƙirarin tana ciki, ka duba a rumbun kansa, ba a tambarin da ta liƙa a shafinta ba.

Shafuka nawa ya kamata in riƙe, kuma sau nawa zan duba su?

Iya waɗanda za ka iya kula da su. Shafin da aka watsar, yana nuna wurin aikin da ka bari shekara shida da suka wuce, ɓatar da mai nemanka yake yi. Ga mafi yawan mutane ORCID da Google Scholar sun wadatar, sai gyara na Scopus da Web of Science in suna da su. Mai ƙarin lokaci ya leƙa OpenAlex, buɗaɗɗen rumbun da ya fito a 2022 bayan rufe na Microsoft, ya ga yadda aka tara shi a can.

Ka duba duk lokacin da sabon aiki ya fito, da lokacin da ka sauya wurin aiki, da kuma makonni kafin ka nemi tallafi ko ƙarin girma, tunda gyaran Scopus ba ya fitowa rana ɗaya. Sa cikakken adireshin ORCID ɗinka a ƙasan imel, a takardar tarihin aikinka, da allon ƙarshe na jawabinka a taro. Idan ayyuka sun yi maka yawa, Farfesa, ba sai ka ba kowa kalmar sirrinka ba. ORCID yana da tsarin naɗa amintaccen mutum, wanda zai shiga da nasa asusun ya gyara naka, kuma kana iya sauke shi ranar da aikin ya ƙare.